Jan Ido a Suwame

Da hantsi ta shigo Magazin,
Fijo mai launin kindirmo, ta girmi mai tuƙa ta.
Fuseina ta fito, ta ajiye makulli kan benci:
"Baba Issaka, jan idon nan ya hana ni sakat.
Tun daga Aboabo yake kallona.
Cire ƙwan kawai in huta."

Na ce, 'yata, ba a ɗinke wa mai gadi baki
don ya yi ihu da rana tsaka.
Zauna. Akwasi, miƙo fitilar gwaji.

Na san motar nan tun tana amarya.
Gariba mai goro, ubanki,
huhu shida yake ɗora mata
ya gangaro dutsen Mampong cikin ruwan sama
yana tauna, yana tasbihi, ƙafa kan birki.

Na ɗaga murfin inji.
Man birki na nan, bai kai wuya ba, bai yi ƙasa ba.
Na ja birkin hannu, na sake,
na ja, na sake.
Idon bai ko ƙifta ba.
Na zare wayar maɓallin da ke gindinsa,
na ce yanzu sai ka mutu.
Ya ƙi.
To, ba shi ne ɓarawon ba, hanya ce ta bi ta ƙofarsa.

Wuta kamar ruwa ce, Akwasi,
inda ta samu gangara nan take bi.
Wata waya ta taɓa ƙarfe a ɓoye,
ta samu ƙasa tun kafin a ba ta izini.

Na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari,
ƙafafuna a waje kamar gawar da aka manta,
tsatsa tana zubo mini a gemu.
Wayoyin duk sun koma launi ɗaya, launin shekaru.
Hannu biyar sun yi ɗori a nan kafin nawa,
kowa ya ƙulla, ya tofa, ya tafi.
Na bi baƙar nan da yatsa
kamar makaho yana bin bango zuwa gida.

Aka yi azahar. Waken da na saya ya huce.
Masu walda suna ta feshin taurari a maƙwabta.

Sai ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, gefen kujerar direba,
inda ƙarfe ya yi baki kamar wuƙa:
waya ta goge, jan ƙarfenta tsirara,
an taɓa naɗe ta da ƙyallen hula
da zaren buhun goro.
Ɗaurin na gane shi. Haka yake ɗaure huhu.

Fuseina ta karɓi ƙyallen, ba ta ce komai ba,
ta sa shi a bakin mayafi ta ƙulle.

Na yanke, na dasa sabuwa, na naɗe da salatif,
na kauce mata da bakin ƙarfen.
Kunna.
Idon ya rufe. Akwasi ya tafa.

Na ce tsaya tukuna, taka birki da ƙarfi.
Ta taka.
Ja!
Ya buɗe, ya rufe, kamar mai jin kunyar magana.

Na durƙusa bayan tayar hagu.
Ga ɗigo, ga wani, ƙasa tana shanyewa,
bututu ya tsage siririyar tsaga kamar gashi.
Wata uku yana ihun ƙarya,
ashe a cikin ihun akwai na gaske,
ba mai iya rarrabewa.

"Gobe zan hau Mampong," in ji ta, a hankali.

Na ce jibi.
Sidi nawa ne, sai mun ga bututun.
Akwasi, ruga wurin Bawa kafin ya rufe,
ka ce na tsohuwar Fijo, kada ya ba ka na zamani.
Ni kuma bari in ci wakena.